Yadda Za Ka Koma Kwaleji da Furfura Ba Tare da Ka Zauna a Aji Ba

Ɗan'uwa, kai da furfura ta fara cin gefen kanka aka ce maka ba ƙarin girma sai da difloma, kwantar da hankalinka. Matakai shida ne kacal, kuma ina ba ka tabbacin sakamako cikin shekara biyu. An gwada su a kan mijin yayata, wanda ake kira Sarkin Fayil, mai shekara ashirin da biyu a ɗakin ajiye takardu na wani ofishi. Shugaban sashensu zai yi ritaya, kujerar kuma ba a ba marar difloma. Shi kuwa ya riga ya gaya wa matarsa da 'ya'yansa cewa kujerar tasa ce.

1. Fara da kayan ado

Sayi baƙar jaka, da tabarau, da biro uku ka jera a aljihun gaba. Yi rajistar karatun Asabar, sannan ka tabbata kowa ya sani, har mai wankin motarka. Duk wanda ya gaishe ka, ja numfashi ka ce, "Wallahi karatun nan ya sa mu gaba." Masana sun tabbatar rabin ilimi a jaka yake.

2. Je aji sau ɗaya, ka ji haushi

Sarkin Fayil ya je Asabar ta farko. Bencin ya ƙi karɓar tumbinsa. Wata yarinya sa'ar 'yarsa ta ce, "Baba, ɗan matsa mana." Bai gama haɗiye wannan ba, malamin, wanda a haife ya haife shi, ya nuna shi da alli ya ce ya tashi ya faɗi ma'anar adana bayanai.

"Ni?" in ji shi. "Ina jera fayil tun kana cikin zanen goyo!"

Ajin ya fashe da dariya, shi kuwa kunya ta kama shi har cikin ƙashi. Kai ma idan haka ta same ka, kada ka kuskura ka koma. An ce gemu ba ya hana ilimi, amma ai ba gemu irin naka ake nufi ba.

3. Nemo wakili

Babban mutum ba ya zuwa da kansa, aike yake yi. Zaɓi wanda ka fi rainawa a ofis. Shi ya zaɓi Anti Tafireta, mai buga takardu, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, ba a jin muryarta sai gaisuwa. Aikinta ta zauna a aji duk Asabar, ta sa masa hannu a takardar halarta, ta rubuto duk abin da aka faɗa, ta buga shi tsaf ta kawo ran Litinin. Ladanta kuɗin mota da "Allah ya yi albarka".

4. Idan wakili ya nemi izini, yi dariya

A mako na uku ta tsaya a bakin teburinsa tana murza gefen mayafi.

"Yallaɓai, malamin ya yi tambaya na amsa, ya nemi sunana bai gani ba. Ya ce in je in yi rajista tun ba a rufe ba. Takardar sakandarena tana ƙasan akwati shekara ashirin da takwas."

Sarkin Fayil ya yi dariya har da hawaye. "Ke da jika a hanya? Yi mana, Anti! Ko ba komai kya riƙa samun bencin gaba, rubutuna ya fi fita."

Haka ake so. Kada ka taɓa tunanin mai bugun takarda tana karanta abin da take bugawa.

5. Adana darasin, kada ka karanta

Nan gwaninta take. Duk Litinin ya karɓi takardun, ya huda su, ya zura igiya, ya liƙa lamba da kwanan wata, ya jera a kanta ta sama. Fayil tamanin da huɗu, ba wanda ya karkace. Yayata ta taɓa ce masa, "Maigida, ba za ka ɗan buɗe ko ɗaya ba?" Ya ce mata yawan buɗewa ke lalata takarda, kuma a kan wannan ba a ja da shi.

6. Ranar jarrabawa, tafi da kwarjini

Abin takaici, nan ba a karɓar wakili, don ana duba hoton kati. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya zauna da bironsa uku, ya rubuta suna da lamba da kyakkyawan rubutu, sauran awa biyun ya ƙare su yana kallon fanka. A gabansa Anti Tafireta ta ɗaga hannu sau biyu tana neman ƙarin takarda.

Da shugaban ya yi ritaya, ita aka ba kujerar. Ranar farko ta kira shi, ta miƙe tsaye don girmamawa, abin da ya fi zagi yi masa ciwo.

"Yallaɓai, an buɗe sabuwar rajista," in ji ta a hankali. "Darasin duk yana wurinka, a jere. In ka je, zan roƙi yaran su bar maka bencin gaba."

Ya ɗauki fayil ɗin da ta gama dubawa ya fita, har yau kuma bai san yadda zai gaya wa 'ya'yansa ba.

Gargaɗi: mai wannan rubutu ba ruwansa da hawan jini, ko gorin mata, ko kujerar da ta wuce ka. Ni shawara na bayar, kai ka ɗauka. Idan kana da ƙorafi, rubuta shi da kanka, ka kai wa shugabar sashe ta sa hannu, ta miƙo maka ka jera a kanta ta sama.