Kaboyin da Ya Harbi Surukina

Laifina ne, ba na musu. Ni nake walda 'yan mutum-mutumin kaboyi da ƙusoshin takalmin doki a gidanmu na Tottenham, a Landan, kuma ni na manta ɗaya a kan kujera, bindigarsa a sama, ranar da surukina ya iso daga Kano.

Ya zauna. Kunyar suruki ta hana shi ihu, sai idanunsa suka kawo ruwa. Na ɗauka fasahata ce ta ratsa shi, na ƙara zuba bayani.

Matata ta ce, "Baba, lafiya?"

"Mijinki ya harbe ni."

Har yau danginta Kaboyi suke kirana, duk da na durƙusa na ce, "Baba, a gafarce ni. Wallahi babu harsashi a ciki."