Takardar da Misye Garniye Ya Bar wa Masta Obed

Duk tsibirin Epi babu mai arzikin Masta Obed Kalmasei. Ba a bakin wani muka ji ba, shi da kansa ya gaya mana. Gandun kwakwar da ya tashi daga bakin teku har gindin dutse nasa ne. Rumfar busar da kwakwa tasa ce. Inuwar ma tasa ce, aro yake ba mu. Mu mutanen Lamaru muna taƙama da shi, domin sauran ƙauyuka sai dai su nuna maka dagaci ko fasto, mu kuwa har Bature gare mu, namu na kanmu, baƙi wuluk, haifaffen bayan coci.

Ga yadda girman ya same shi. Yana saurayi shi ke dafa wa Misye Garniye abinci, Bafaranshen da ke riƙe da gandun. Shekarar da ƙasa ta sami 'yanci, Garniye ya ɗaure kayansa. A bakin jirgin ruwa, a gaban kowa, ya miƙa wa Obed wata takarda mai hatimi biyu, ya dafa kafaɗarsa, ya yi masa magana da Faransanci. Obed ya juyo, idonsa ya kawo ruwa, ya fassara mana.

"Ya ce in riƙe komai."

Washegari ya tare a gidan Baturen mai baranda. Ya gaji kujerar lilo da faffaɗar hula. Ya kuma gaji kalmomin Faransanci guda uku, yana tattalinsu kamar gishiri a shekarar da jirgi bai zo ba. Takardar ya sa ta a gilashi, ya rataye inda duk mai shigowa sai ya ɗaga kai.

Kullum da hantsi yakan fita duba dukiyarsa. Ya tsaya gaban bishiya, ya ƙwanƙwasa ta da sanda, ya kasa kunne, ya gyaɗa kai, ya wuce ta gaba. Ba mu taɓa sanin abin da bishiyoyin ke gaya masa ba. In ya iske mu muna fasa kwakwa sai ya riƙe ƙugu ya yi mana huɗuba.

"Ku mutanen nan ƙarfi kawai gare ku. Ƙasa kuwa kai take so. Da ba don ni ba, da tuni kun cinye gandun nan da jayayya. Ni kaɗai nake ɗauke da nauyinku, kafaɗata ta san da haka."

Mu ce, "Gaskiya ne, Masta." A kowane buhu goma na busasshiyar kwakwa mu kai masa ɗaya har baranda, ya duba ya ce bai bushe sosai ba, mu ba shi haƙuri.

Matarsa Leiwia, uwar 'yarsu Jenita, tana cikin hayaƙin rumfa tare da sauran mata tun safe, domin hannun Masta ba ya taɓa adda. Rannan ta tare shi a bainar jama'a.

"Baban Jenita, rufin madafa yana yoyo. Jiya a cikin tukunya aka yi ruwa."

Ya ce, "Ki rubuto."

"In rubuto wa wa? Tabarma ɗaya muke kwana."

"Komai da hanyarsa," in ji Masta, ya gyara hula ya wuce.

Mai tambaya zai ce, shekara ashirin da bakwai ba wanda ya karanta takardar? To, mu makarantar mishan ta Ingilishi muka yi, wanda ya yi. An taɓa kai wa Fasto Sailas, ya sa tabarau, ya daɗe yana motsa baki, sannan ya ce, "Hatimin dai na gaske ne." Ba wanda ya so ya nuna ya fi fasto rashin ganewa, sai muka gyaɗa kai. Masu jin Faransanci suna nan tsallaken rafi, tafiyar shan taba ɗaya, amma 'yan Katolika ne, kuma tun zamanin kakanni ba mu roƙonsu ko wuta. Akwai kuma abin da ba a faɗa a fili. Gidaje bakwai ne a Lamaru, kowanne yana da kakan da aka binne cibiyarsa a gandun. Idan ba na Obed ba ne, to na wa? Gara mu ba wawa buhu ɗaya da mu ga ɗan'uwa ya samu goma.

Ana nan bishiyoyin suka tsufa. Suka yi tsawo kamar za su taɓo gajimare, 'ya'ya kuwa sai ɗai-ɗai. Mu ba mu dasa sabbi ba, don ba namu ba ne. Masta bai dasa ba, don manyan mutane ba sa tona rami. Buhu goman ya koma shida, shidan ya koma huɗu. Samari suka fara hawa jirgi zuwa Vila, babban birni, ba sa dawowa.

Sai ga saƙo daga gwamnati: za a raba irin kwakwa dubu biyu, mai saurin haihuwa, kyauta, amma sai mai ƙasa ya sa hannu. Masta ya sa aka yanka alade, namu. Aka gasa laplap, wainar doyarmu ta cikin ganye, aka tace kava, abin shanmu na saiwa, aka share daga bakin teku har baranda. Ya ce lallai babban jami'i za a turo, irin wanda zai san da wa yake magana.

Wadda ta sauko daga kwalekwale yarinya ce siririya da silifa, sunanta Odil Tabimasi, jaka a kafaɗa. Masta ya leƙa bayanta yana neman jami'in. Da ya ga babu kowa, sai ya haƙura, ya kashe mata kalmomin nan uku gaba ɗaya. Ita kuwa ta yi murmushi ta mayar masa da Faransanci zalla, tiryan-tiryan, har sai da numfashinta ya ƙare. Ashe makarantar sistocin Katolika ta yi.

Masta ya yi tari. Ya ce, "Saboda jama'a, mu yi da harshen gida."

Ya yi jawabi na tsawon dahuwar doya. Ya ambaci amana, ya ambaci tarihi, ya ambaci kafaɗarsa. Sannan ya sa aka sauko da gilashin, mutum biyu suka ɗauko shi kamar akwatin gawar dagaci. Odil ta goge ƙura da gefen rigarta. Ta karanta. Ta ɗago ta dube shi, ta dube mu, ta sake karantawa.

"Baba, a faɗa a nan, ko mu shiga ciki?"

"A nan. Su ji da kunnensu, masu shakka."

Ta ce, "Takardar likitan dabbobi ce. Ta ce an yi wa wani jan sa allura, kuma Misye Garniye ya ba kukunsa Obed san nan kyauta. Hatimi ɗaya na likita ne, ɗaya na gidan waya. Ƙasa kuwa, tun ranar 'yanci doka ta mayar da ita hannun masu ita na gargajiya. Ku nake nema. Waye zai sa hannu?"

Kowa ya tuna jan san nan. Mu muka cinye shi, a bikin tarewar Masta.

Kada a ɗauka mun yi fushi. Ba mu sami lokaci ba. Kafin Odil ta buɗe biro, dattawa bakwai sun miƙe tsaye, kowa yana kiran sunan kakansa yana nuna dutsen iyaka daban. Tsoho Kalotap, wanda bai taɓa ɗaga murya ba ko a waƙar coci, ya ce duka nasa ne har da rafin. Jiya Masta ɗaya gare mu, yau kowane gida ya fito da nasa.

Obed yana zaune, hular a gwiwa. Leiwia ta dube shi, ta kau da kai, don ta ga fuskarsa ta zama ta tsohon kuku kawai. Amma mutum irin Masta ba ya daɗewa a ƙasa. Ya hango shanun ƙauye suna kiwo a ƙarƙashin kwakwa, sun fi sittin. Idonsa ya dawo. Ya mayar da hula, ya buga sanda a baranda har aka yi shiru.

"Na san abin da ke ciki tun farko, gwada ku nake yi. Ƙasa ku je ku yi ta faɗa a kanta. Amma kun ji da kunnenku, san nawa ne. Shanun nan kuwa duk zuriyarsa ce. Daga yau, kowane maraƙi da aka haifa a Lamaru..."

Wasunmu har sun fara gyaɗa kai.

Odil ta ɗaga yatsa, cikin ladabi.

"Baba, akwai sauran layi ɗaya a ƙasa. Ya ce san dandaƙaƙƙe ne."