Abin da aka tono a gindin tsamiya

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da muka dawo Betso daga gudun hijira a Kamaru ba. A lokacin, ko akuya baƙuwa ce ta ratsa gari sai an tambayi mai ita.

Bayan gonata akwai tudu, tsohon kufai ne, an ce mutanen farko sun zauna a kai. Wata safiya na tarar da baƙi shida sun kakkafa turaku, sun ja igiya, suna tankaɗe ƙasa da rariya kamar masu shirin tuwo. Shugabarsu mace ce, da wando da malafa. Na gaishe ta, na ce, "'Yata, me ya ɓace muku?"

Ta ce, "Daga jami'ar Yola muke, Kaka. Tsingaron tukwanen mutanen da muke nema."

Tsingaro! Wa zai ƙona mai tun daga Yola don fasasshiyar tukunya? Na ce a raina, waɗannan ba tono suke ba, bam suke binnewa. (Akwai kuma wani dalilin da ya sa ba na son kowa a tudun nan, za mu zo kansa.)

Ban ko ajiye fartanya ba na nufi gidan mai unguwa. Na tara 'yan banga, na tara matan cocinmu, ni ce a gaba. Malamar ta nuna takardar izini, na ce takarda ba ta hana abu fashewa. A bincika!

Aka bincika. Ramukansu babu komai sai tsingaro da rabin dutsen niƙa. Can sai shugaban 'yan banga ya tsaya a gindin tsamiya, ya ce, "Ga sabuwar ƙasa nan! Kowa ya ja baya!"

Na yi maza na sha gabansa. Na ce, "Ɗana, bar nan, gidan tururuwa ne."

Bai ji ba. Mutane suka kwanta rub da ciki, ni kaɗai ce a tsaye. Ya yi ta tono a hankali, ya ciro 'yar tukunya naɗe da ɗankwali. Ya buɗe, ya sunsuna, sai atishawa har uku.

Garin taba ne da kanwa. Tabar da na rantse a gaban matan coci cewa na bari, har nake yi wa masu sha wa'azi.

Saratu, wadda na fi matsa wa, ta ɗago kai daga ƙasa ta ce, "Yaya, wannan ba ɗankwalinki ba ne da fitila ta ƙona? Kin ce a hanyar Kamaru ya faɗi!"

Malamar ta karkaɗe tukunyar, ta miƙo mini da hannu biyu. "Riƙe kayanki, Kaka. Mu sai abu ya shekara ɗaruruwa muke ɗauka."

Tun daga ranar na san cewa wanda ya binne nasa a kufai ba ya gayyatar gari bincike. Saratu kuwa har yau idan ta gan ni sai ta yi atishawa.