Rasuwar Makunnin Ɗakin Malam Mordecai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gajiyar da ta ratsa har ƙashi, ni Salome, matar Malam Mordecai na Muchia a Sabon Gari, nake sanar da dangi da maƙwabta da 'yan ikilisiya rasuwar makunnin fitilar ɗakinmu, wanda ya riga mu gidan gaskiya ranar Talata da la'asar, bayan doguwar jinya.

Marigayin ba irin makunnin da kuka saba gani ba ne. 'Yarmu Ƙauna ce ta kawo shi daga Legas, shekarar da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da mahaifinta. Ta waya ake ba shi umarni. Akwai wani ɗan akwati da ake kira hob, shi ke karɓar saƙo daga wayar ya miƙa masa. Malam, wanda ya ƙarar da ƙarfinsa yana koyar da aikin gona a Samaru, a tsaye daga safe har azahar, ya koma ko ruwa sai an riƙe masa kofi. Amma fitila kam, da babban yatsansa na hagu yake kunna ta. Ranar farko ya yi ta kunnawa yana kashewa har na ce, "Baban Ƙauna, za ka ƙona ƙwan." Ya ce, "Ƙyale ni, iyakar mulkin da ya rage mini ke nan."

Mun shaidi marigayin da ladabi. Ba ya da surutu, sai ɗan "ƙyas" idan an kira shi, da ɗigon haske shuɗi a goshinsa. A lokacin lafiyarsa bai taɓa cewa a jira shi ya sauke tukunya ba, abin da ni ba zan iya faɗa a kaina ba.

Ciwon ya fara a hankali. Yau ya amsa, gobe ya yi shiru, ɗigon shuɗin ya koma ja, wayar ta ce ba ta same shi ba. Ƙauna ta riƙa kira daga ofis tana cewa, "Mama, cire filogin, ki ɗan jira, ki mayar." Na cire na mayar har gwiwata ta san wurin. Muka kira Kehinde, mai gyaran wuta, haifaffen unguwar nan. Ya ƙwanƙwasa bango ya ce, "Mama, ginin zamanin 'yan reluwe ne, saƙo ba ya ratsa shi." Hob ya tashi daga kan talabijin ya hau kabad, daga kabad aka kafe shi a lungun ƙofa. Da hakan bai yi ba, Kehinde ya ce hob ɗin ya yi kusa da rauta mai ba gidan intanet, aka raba su. Daga baya ya ce idan aka ɗauke wuta inbata mai ajiye wuta ta karɓa, tsakanin hob da makunnin ɗaya na rigan ɗaya farkawa, sai su yi saɓani. Aka sabunta manhaja, aka goge komai aka sake haɗawa. Muddin Kehinde na cikin gidan, marigayin garau yake, kamar yaro a gaban likita. Da ya tayar da mashin ɗinsa, sai ja.

Malam ba ya son kira. Nakan fito daga kicin bayan faɗuwar rana in tarar da shi cikin duhu, waya a ƙirji. In ce, "Me ya hana ka kira ni?" Ya ce, "Kin gaji." Ba na musu, don gaskiya ne.

Ranar Talata hadari ya haɗo, ɗaki ya yi duhu tun la'asar, Malam kuma yana tsakiyar karatu. Ina waje ina kwashe shanya na ji ƙara. Na zubar da kayan na ruga, zuciyata ta riga ta ba ni ya faɗo daga gado. Na same shi a bakin ƙofa, a tsaye, kafaɗa jingine da bango, sanda a hannun hagu, gumi har wuya. Fuskar makunnin na ƙasa, a tarwatse. Wata da watanni mai gashin ƙashi tana roƙonsa ya gwada wannan tafiyar, yana juya mata baya. Na rasa faɗa zan yi ko godiya, sai na zauna a ƙasa kawai. Ya dube ni yana haki ya ce, "Maman Ƙauna, kawo kujera. Ƙafar nan ba ta san hanyar komawa ba."

Iyali ba su da niyyar kai ƙara.

Marigayin ya bar hob, wanda har yanzu yake ƙifta ido a lungu yana nemansa, da ƙanne biyu a falo da baranda, waɗanda alamun ciwon suka fara bayyana a jikinsu. Ya bar Kehinde, wanda ya ce shi ma zai huta.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi. Kehinde zai cire gawar, a sa ta a gwangwanin biskit tare da tsofaffin rimot. Ƙauna ta ce za ta aiko da sabo wanda ya fi shi, mahaifinta ya ce ta riƙe. Na hannu za a sa, irin na kowa. Kehinde ya nemi ya ja wayar wuta ya kawo shi kusa da gado, Malam ya ce, "A bar shi inda yake."

Masu zuwa ta'aziyya, muna roƙonku kada ku zo da shawara, mun ƙoshi. Akwai zobo da kujeru. Malam ne zai kunna sabon makunnin da kansa, kuma zai ɗauki lokaci. Kowa ya zauna ya jira, kada wanda ya miƙa masa hannu.