Ranar da Na Duba Haƙoran Lama

Na yi kiwon raƙuma shekara goma sha biyu a Tawa ta ƙasar Nijar kafin in zo Makka in zauna, don haka ban taɓa yarda wani ya fi ni saninsu ba. Ranar ɗaurin auren 'yata, uban ango, Alhaji Bukari, ya tara mu a gonarsa da ke bayan unguwar Ka'akiyya. Cikin shinge na hango wata dabba mai dogon wuya da gashi buzu-buzu, bayanta a shafe.

Na ɗaga murya na ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah! Ɗan raƙumi ka bari da yunwa har tozonsa ya narke?"

Ya ce, "La wallah, ya Hajji. Wannan lama sunanta. Daga Amurka ta Kudu ake kawo su, haka Allah Ya yi su."

Na ce zancen banza, bari in duba haƙora in gaya masa shekarunta. Na naɗe hannun riga, na kama leɓenta. Ta kwantar da kunnuwa, ta feso mini koriyar ciyawa mai wari tun daga gemu har ƙirji. Ga liman yana jira, ga ni waliyyi.

Mutumin da na zarga a gaban baƙinsa ko murmushi bai yi ba. Ya ja ni ɗaki, ya ba ni sabuwar jallabiyarsa, ya shafa mini turare da hannunsa, aka ɗaura aure lafiya. Allah Ya saka masa da alheri.

Ashe ajiye dariyar ya yi. Yanzu jikokinmu uku, amma da zarar na fara gardama a majalisarmu ta unguwar Tandabawi sai ya ce, "Jama'a, ku matsa baya, likitan lama zai duba haƙori."