Gumbar Sadakar Ɗayyabu

"Lafiya lau, tsohuwa, sai gajiyar hanya," in ji Ɗayyabu, ya ranƙwafa kamar mai ruku'u don kada ƙofar ɗakin kakarsa ta fasa masa goshi.

Iya Laraba ƙafafunsa kawai take kallo. Shekaranjiya wata maƙwabciya a nan Tarai ta nuna mata guntun fim a waya, ga jikanta a makara ana ta salati. Tun da ciwon gwiwa ya raba shi da ƙwallon kwando ya koma fim da waƙa a Kano, amma ba wanda ya gaya mata har mutuwa ake yi a ciki. An rantse mata wasa ne, an haɗa su a waya, ta ce murya ba mutum ba ce. Kwana biyu ko koko ta kasa haɗiyewa, dole ya hawo mota ya zo.

"Au, ka dawo?" ta ce daga ƙarshe. "Can lahirar ma korarka suka yi?"

"Na ji an ce matata ta fara takaba, na zo in hana wani ya yi mini shigar sauri."

"Takabar wa? Zawarawa uku ke layi a zaure, kowanne da haƙoransa."

"To ai sai su ara miki. Wai Iya, fuska a rufe cikin likkafani, ya aka yi kika gane ni?"

"Ƙafafun nan naka mana! Makara ta ƙare, kai ba ka ƙare ba. Mutum shida suka ɗauke ka, na bakwai yana tallabe da sawu."

"Tsawon nan shi ya kai ni gasa har Legas."

"Shekara goma kana jefa ƙwallo a kwandon da ba gindi, ko tumatir ɗaya bai riƙe maka ba. Ka koma waƙa, jakin Malam Bello ya fi ka murya. Yanzu kuma mutuwa ce sana'a?"

"Kuma na iya ta! Ba ga shi kin yi kuka ba?"

"Albasa nake yankawa."

"Kwana biyu cur?"

Ta kamo idon sawunsa ta matsa da ƙarfi, ta ji ɗumi, sai wani sanyi ya sauka a ranta, dariya da hawaye suka zo mata tare. Ta jawo ƙwarya daga bayan gado ta buɗe. Gumba ce fal, tun asuba ta daka ta ba wanda ya sani.

"Yau kwananka uku da mutuwa," ta ce. "Ta sadakarka ce. Tunda mamacin ya zo da ƙafarsa, sai ya ci abinsa."

Ɗayyabu ya dubi gumbar, wasa ya fita daga fuskarsa. Ya gutsura, ya miƙa mata lomar farko.

"Ci tukuna, Iya. Na yi alkawari, in za a sake kashe ni, ke zan fara gaya wa."