Tanti Mai Buɗe Kansa

Wani ne yake da 'yar gonar shinkafa a fadamar Diggi, ita ce abincin gidansa na shekara. Shinkafa ta fara nuna, tsuntsayen jan-baki suka sa ta gaba. Dole mutum ya yini yana kora, shi kuwa gogan da rana ba sa ga maciji.

Ya kafa bukkar kara irin ta kakanni, ya shiga ya kishingiɗa. Da ya farka sai ya ga sararin sama. Awaki sun cinye bukkar tas, har ɗaya ta fara ɗanɗana hularsa.

Ya nufi kasuwar Gwandu, ya sami wani Buzu mai tantin fata.

Ya ce, "Akuya na cin wanga?"

Buzu ya ce, "Ko kusa."

Ya saya, ya kai gona ya kafa. Gaskiya Buzu ya faɗa, akuya ba ta taɓa ba. Karnukan Diggi ne suka ji ƙanshi, suka zo har da baƙinsu. Kafin azahar igiya kaɗai ta rage.

Ransa a ɓace ya tafi Kalgo wajen Markus mai kayan gwanjo. Ya ce, "Ina son ɗakin da akuya ba ta ci, kare bai ci."

Markus ya ciro wani abu kamar ƙaton faifai, ya cilla sama. Fat! Abu ya buɗe ya zama ɗaki, ja da ruwan ɗorawa, har da taga. Gogan ya yi salati ya ja da baya.

Markus ya ce, "Na zamani ke nan. Ba nauyi, duk inda za ka da shi za ka. Ga turakunsa, ka kafe shi a ƙasa."

"Turke? Jaki nis saya?"

"Malam, ka dai ɗauka."

"Riƙe abinka. Ni ban ɗaure ɗaki ba tun da aka haihe ni."

Ya isa gona, ya cilla, ya shiga, ya ja zif, ya miƙe ƙafa yana tausayin kakanninsa. Can sai iskar hadari ta taso. Gogan dama ba auki, kamar sillen kara. Tanti ya yi girgiza, ya tashi, ya fara mirgina da mai shi a ciki. Ya laluba zif, zif ya ce bai san zancen ba.

"Wayyo Allah! Jama'a ku tare ɗaki!"

Ɗaki ya tsallake kunya ya faɗa gonar maƙwabcinsa Siddiƙu. Ya yi gabas yana ihu, ya dawo yamma yana salati. Tsuntsayen da ke gonar Siddiƙu ba su taɓa ganin irin wannan masifa ba. Suka tashi gaba ɗaya, suka sauka a gonar gogan, inda ba kowa sai takalmansa.

Sai la'asar tanti ya maƙale a gindin giginya. Siddiƙu ya zo ya zuge zif. Gogan ya rarrafo waje, kai duk ƙulu, ya dubi gonarsa. Ko ƙwayar da za a ba kaza babu. Ya zauna daɓas ya ɗora hannu a ka, hawaye na zuba.

Siddiƙu ya dubi tasa shinkafar, cif, ko zangarniya ɗaya ba a taɓa ba. Ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Maƙwabci, Allah shi saka da alheri. Gobe ƙarhe nawa za ka wuce?"